Tsohuwar Zuma ko Cinikin Biri a Sama? Muhawara kan Faya-fayan Ajiya na Hannu

Ranar da ƙanena ya shigo da kwalin, a hankali ya dire shi tsakar ɗaki kamar wanda ya ɗauko ƙwai. Faya-fayan ajiya ne guda 4, irin manyan nan da ake sa wa kwamfutar tebur, kowanne terabait 8, kowanne cikin ledarsa mai ruwan toka. Sana'arsa ɗaukar bidiyon biki da suna da walima. Shekara da shekaru yana tara aikin mutane a ƙananan faya-fayai na aljihu, wasu a durowa, wasu a jaka, har ta kai shi kansa bai san wane biki ke cikin wanne ba. Yanzu ya ƙudura zai gina rumbu guda a gida: tsohuwar kwamfuta ce za a cika da faya-fayai, a bar ta a kunne, komai ya taru wuri ɗaya. Kuɗin sababbi sun fi ƙarfinsa, sai ya sayi na hannu.

"Yaya, mutumin ya ce garau suke. A gabana ya jona su, duk sun buɗe."

Na juya ɗaya na duba takardar da ke manne a jikinsa. Shekara biyar ke nan da ƙera shi. Na ce masa kada ya zuba ko hoto ɗaya a ciki sai bayan mako biyu. Ransa bai so ba, domin yana da aikin biki uku da ke jiran wurin zama.

Maganar ba ta tsaya tsakanina da shi ba. Da na kai ta shagon wani abokina da ya shekara ashirin yana gyaran kwamfuta, ko ɗago kai bai yi ba daga abin da yake kwancewa ya ce, "Malam, araha ba ta ado. Gaya wa yaron nan ya mayar musu da kayansu." Wani abokinsa da ke zaune gefe, wanda aikinsa kula da rumbunan ajiya na ofisoshi, ya ce ina, ai da tsohuwar zuma ake magani. Na zauna tsakaninsu har aka kira la'asar, kuma kowannensu ya san abin da yake faɗa.

Mai gyara daga cikin faifan ya fara. A duk cikin kwamfuta, in ka cire fanka, shi kaɗai ne ke motsi. Farantai ne a jere suna juyawa sau 7,200 a minti ɗaya, da wata 'yar allura da ke shawagi a samansu ba ta taɓa su. Tazarar da ke tsakaninsu 'yan nanomita ce, ƙwayar ƙurar da ido ba ya gani ta fi ta girma nesa ba kusa ba. Abin da ke juyawa kuwa cinyewa yake yi. Shekara ɗaya awa 8,760 ce, don haka faifan da ya yi shekara 5 a cibiyar adana bayanai, inda ba a kashe na'ura dare da rana, ya yi awa 43,800 yana juyi. Shekara 5 ɗin nan kuma ita ce iyakar garantin da ake bayarwa kan irin waɗannan manyan faya-fayai. Ke nan, in ji shi, kana karɓar kaya ne daidai lokacin da maƙerinsu ya janye hannunsa.

Sannan ga wahalar hanya. Faifai ba ya nuna rauni a jiki, wanda ya faɗo daga kan tebur da wanda aka yi ta lallaɓawa kamanninsu ɗaya. Kafin ya iso hannunka ya ratsa dillalai da dama, an jibga shi a kwali tare da 'yan'uwansa babu ko soso a tsakani, ya sha jijjigar kwantena, ya sha ta babbar mota daga Legas zuwa Kano. A jona shi a kasuwa a ga ya buɗe, abin da hakan ya nuna kawai shi ne injinsa na tashi kuma bakin ƙofarsa na karantuwa. Sauran terabait 8 ɗin babu wanda ya leƙa.

Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne irin kayan da ake zubawa. "Fanka ta hannu in ta mutu, kuɗinka kaɗai ka rasa," in ji shi. "Wannan in ya mutu, da amanar mutane zai tafi." Ya sha ganin masu ɗaukar hoto sun shigo shagonsa ido jawur, riƙe da faifai yana ƙas-ƙas kamar agogon bango, suna roƙo a ciro musu ko da rabi ne. Biki ba a maimaita shi. Babu wanda zai iya tsayawa gaban uwar amarya ya ce a sake kamu domin faifai ya mutu.

Da na ce ai akwai gwaji, sai ya kawo hujjar da ta fi kowacce cikin nasa nauyi a wajena. Kowane faifai yana riƙe da littafin lafiyarsa a ciki, tsarin da ake kira SMART, inda yake rubuta awannin da ya yi aiki da guraben da suka lalace da sauransu. A shekarar 2007 ma'aikatan Google sun fitar da bincike kan faya-fayai sama da 100,000 da ke aiki a cibiyoyinsu, suka gano cewa kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alamar ciwo a wannan littafi ba kafin su mutu. Lafiya lau a rubuce, sai kawai a wayi gari babu. Kuma littafin kansa ana iya goge shi. A farkon 2025 kafar labaran fasaha ta heise da ke Jamus ta bankaɗo yadda wasu 'yan kasuwa suka riƙa sayar da faya-fayan Seagate samfurin Exos a matsayin sababbi fil, alhali sun yi dubban awanni suna aiki, an mayar da lissafin awanninsu sifili. Ana zargin da yawansu sun fito ne daga wuraren haƙar kuɗin intanet na Chia, wanda ya jawo rububin faya-fayai a 2021. Kamfanin ya ce ba shi ya sayar wa dillalan da su ba. In har a Jamus an yi wa mutane haka, in ji mai gyara, to mu fa?

A nan ne mutumin ofis ya gyara zama. Ya ce wannan labari ai nasa ne. Mutanen Jamus ɗin nan sabo suka je saya, kuɗin sabo suka biya, aka ba su tsoho. Wanda ya sayi na hannu yana sane ya fi su kwanciyar hankali, domin shi ya san abin da ya ɗauko kuma zai bi da shi yadda ya dace. Yadda aka kama maguɗin ma darasi ne: faya-fayan Seagate na irin wannan aji suna da littafi na biyu da ake kira FARM, wanda masu gogewar ba su taɓa ba a lokacin, sai aka gwada awannin littafin biyu aka ga ba su dace ba. Manhajar smartmontools, daga fitowa ta 7.4, tana iya karanta shi kyauta.

Ya ci gaba da cewa sabo ma mutuwa yake yi, kuma sau da yawa da wuri. Masu nazarin lalacewar na'urori sun daɗe da lura cewa mutuwa tana yawa a watannin farko, lokacin da aibin ƙira ke fitowa fili, sai ta lafa na tsawon shekaru, sannan ta sake tashi da tsufa. Faifan da ya yi shekara uku ko huɗu bai yi tari ba ya tsallake siraɗin farko. Kamfanin Backblaze na Amurka, wanda tun 2013 yake tattara lissafin faya-fayansa yana bayyana wa duniya, a 'yan shekarun nan abin da ke mutuwa masa a shekara yana tsakanin kashi 1 zuwa 2 ne cikin ɗari, alhali akwai tsofaffi da yawa a cikin garken. Kuma manyan cibiyoyi ba don ciwo kaɗai suke sakin faifai ba. Sau da yawa wuri ne ya yi musu kaɗan: gurbin da ke ɗauke da terabait 8 zai iya ɗaukar 20 da kusan wutar da yake sha, sai su kwashe tsofaffin gaba ɗaya, masu lafiya da marasa lafiya. Faifan da aka ƙera don ya ɗauki aikin terabait 550 a shekara, ya yi rayuwarsa a ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta rawa, in ya dawo gidan mai bidiyon biki ai hutu ya zo.

Garantin da ake tutiya da shi kuma, ya ce a duba shi da idon basira. Mutum nawa ne a Kano ko Zariya ya taɓa aika mataccen faifai ƙasar waje aka dawo masa da sabo? Ko an dawo da shi ma, ƙarfe za a ba ka. Hotunan da ke ciki babu garantin da ya taɓa dawo da su.

Daga nan ya kawo hujjarsa ta ƙarshe, wadda ita ce ta karkatar da ni. Ya ce a daina auna faifai ɗaya sabo da faifai ɗaya tsoho, domin ba haka aljihu ke lissafi ba. Kuɗin da ƙanena ya kashe a kan guda 4 na hannu, guda 2 sababbi za su saya masa ko ƙasa da haka. Da guda 4, a tsarin ZFS da manhajar TrueNAS ke aiki da shi, zai iya shirya su yadda ko biyu sun mutu lokaci ɗaya babu abin da zai salwanta, ya kuma sami wajen terabait 16 na zuba kaya. Da sababbi 2, ko dai ya yi musu tagwaye ya tsira da terabait 8, ko ya cika su duka biyun ya zauna ba kariya. Sabon faifai tilo mai ɗauke da kwafi tilo ya fi tsofaffi masu rufa wa juna baya haɗari.

Na dawo gida da ra'ayin mutumin ofis, amma da tsoron mai gyara a zuciyata, kuma da wannan tsoro muka shiga gwajin.

Da ido muka fara. Mun duba kusurwoyi ko akwai lotsawa, mun duba bakin jonawa ko akwai haƙorin da ya karye, mun gwada lambar da ke jikin takarda da wadda faifan ke faɗa da kansa in an jona shi. Mun tabbatar masu bakin SATA ne, domin da yawa daga faya-fayan cibiyoyi masu bakin SAS ne, kuma waɗannan ba sa aiki a kwamfutar gida sai an sayo musu kati na daban. Mun kuma bincika lambar samfurinsu don gudun irin da ake kira SMR, masu rubuta layi a kan gefen layi kamar yadda ake jera kwanon rufi, yadda in za a gyara layi ɗaya sai an ɗaga na kusa da shi. Irin waɗannan suna jan ƙafa ƙwarai lokacin da rumbu ke sake gina kansa, kuma a 2020 an yi ta ce-ce-ku-ce da aka gano wasu faya-fayan WD Red na terabait 2 zuwa 6 haka suke ba a rubuta a jikinsu ba.

Da muka kunna, uku suka tashi, ɗaya ya yi shiru. Ƙanena ya dafe kai. Ashe lafiyarsa ƙalau. Wasu faya-fayan cibiyoyi suna ɗaukar wutar da ta zo ta haƙori na uku na bakin wuta a matsayin umarnin su kwanta, tsofaffin akwatunan wuta na kwamfuta kuwa kullum suna tura wuta ta nan. Muka liƙe haƙorin da ɗan siririn salatif, muka sake jonawa, sai ga shi yana kuwwa kamar 'yan'uwansa.

Sai karatun littafin lafiya da umarnin smartctl. Mai amfani da Windows zai ga abu ɗaya da CrystalDiskInfo. Layuka ne da yawa, amma kaɗan ne ke da magana. Lamba ta 9 awannin aiki ce. Lamba ta 5 guraben da suka lalace faifan ya maye su da na ajiya. Ta 197 guraben da yake shakka a kansu bai yanke hukunci ba tukuna, ta 198 waɗanda ya kasa karantawa. Backblaze yana sa ido ne kan biyar, wato 5 da 187 da 188 da 197 da 198, kuma ya ba da rahoton cewa kusan uku cikin huɗu na faya-fayansa da suka mutu sun nuna alama a ɗaya daga cikinsu kafin su tafi. Binciken Google ɗin nan da mai gyara ya kafa hujja da shi, shi ma ya nuna cewa faifan da ya fara nuna kuskuren karatu sau ɗaya, yiwuwar mutuwarsa cikin kwana 60 ta ninka ta lafiyayye sau 39. Shirun littafin ba shaidar lafiya ba ce, amma in ya yi magana a saurare shi. Namu duka huɗun sun nuna awanni dubu talatin da wani abu, sauran layukan sifili. Na ɗauki hoton kowanne na ajiye.

Bayan gajeren gwaji na minti biyu da dogon gwaji da ya ci kusan awa goma sha uku, muka shiga babban aiki, wato badblocks. Wannan manhaja tana rubuta wani zane a kowane gurbi na faifan daga farko har ƙarshe, ta dawo ta karanta ta ga ko abin da ta rubuta shi ta tarar, sannan ta sake da wani zanen, har sau huɗu. Zagaye takwas ke nan, kuma a faifan terabait 8 kowane zagaye yana cin wajen awa goma sha biyu da ɗoriya, jimla kwana huɗu zuwa biyar ba tsayawa. Tana shafe duk abin da ke ciki, kuma wannan ma alheri ne. A 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun fitar da bincike kan tsofaffin faya-fayai 158 da suka saya, suka tarar 12 kacal aka goge yadda ya kamata, suka kuma tsinci lambobin katin banki sama da 5,000 a sauran. Na gaya wa ƙanena ko da mun ga wani abu a ciki ba namu ba ne, ba za mu buɗe ba. Kuma ranar da shi zai sayar da nasa, haka zai shafe su kafin su bar hannunsa, domin matan mutane ne a ciki cikin kwalliyar biki.

A wannan mataki ne na ga inda hujjar mutumin ofis ke da rauni, domin shi a ofis yake, inda janareta ke tashi da kansa. Kwana biyar na wuta ba yankewa a gidan talaka ba ƙaramin abu ba ne. A dare na biyu aka ɗauke wuta, batirin inbata bai kai asuba ba, aikin ya koma farko. Sai da muka kwashe kayan zuwa ɗakin da ke kan sola, muka kashe firji da daddare. Ga zafi: watan Afrilu ne, faya-fayai huɗu suna aiki tuƙuru a jere, ma'auninsu ya doshi digiri 50 kafin mu sa musu fankar tebur ya sauko. Google ya gano zafi bai kai yadda ake zato wajen kashe faifai ba, sai dai a tsofaffin da suka kai shekara uku ko huɗu, waɗanda kuwa su ne irin namu. Wanda ba shi da wutar da zai yi wannan gwaji, ba shi da wutar da zai riƙe rumbun ma bayan an gama, kuma gaskiyar mai gyara ta fi ƙarfi a kansa. Lokacin da aka ɓata da man janareta da kuɗin na'urar UPS mai riƙe wuta in an ɗauke duk suna cikin farashin faifan, ko da ba a rubuta su a rasit ba.

Akwai kuma abin da gwaji ba ya warkarwa. Faya-fayan nan huɗu lambobinsu a jere suke, alamar rana ɗaya aka ƙera su, wuri ɗaya suka yi aiki, wahala ɗaya suka sha. 'Yan gida ɗaya kuwa sukan tsufa tare. In ɗaya ya mutu aka sa sabo, rumbun zai bi sauran ya karanta su kaf don ya sake gina abin da ya ɓata, kuma a wannan wahalar ce na biyu ya fi saurin faɗuwa. Shi ya sa ban yarda ƙanena ya shirya su da kariyar faifai ɗaya ba, duk da cewa hakan zai ba shi ƙarin terabait 8 da yake kwaɗayi. Na kuma sa shi ya yi alkawarin abu biyu. Na ɗaya, ya bar ZFS ya riƙa bin rumbun duk wata yana duba ko wani fayil ya lalace. Na biyu, duk aikin da bai miƙa wa masu shi ba ya kasance yana da kwafi a wani faifai da ke ajiye a wani gida daban, domin ɓarawo da tsawa da wutar da ta dawo da ƙarfi ba sa tambayar faifai nawa ne a cikin akwati, kuma abin da ka goge da hannunka rumbun zai goge shi a duka huɗun nan take.

A rana ta huɗu da sake farawa, ana cikin zane na uku, ɗaya daga cikinsu ya fara jan ƙafa. Sauran suka wuce shi da nisa. Da na buɗe littafinsa, lamba ta 197 da take sifili ta koma 8, kafin magariba ta zama 24, lamba ta 5 ma ta motsa. Wannan faifan ya buɗe a kasuwa, ya ci gajeren gwaji, ya ci dogo. Na kira ƙanena na nuna masa hoton ranar farko da na yau gefe da gefe. Ya daɗe yana kallo.

"Yaya, da yanzu bikin gidan Alhaji yana ciki."

Da na kai wa abokan nan biyu labari, mai gyara ya ce ka gani, ɗaya cikin huɗu ruɓaɓɓe ne. Mutumin ofis ya ce ka gani, an kama shi tun bai ci kayan kowa ba. Ni dai na tsaya kan cewa a saya, in akwai wuta, in akwai haƙurin mako biyu, in kuma za a mayar da rarar kuɗin kan ƙarin faifai da kwafi na biyu. Wanda zai sayi guda ɗaya tak ya zuba komai nasa a ciki, ba zan ba shi shawarar na hannu ba.

Ƙanena ya koma kasuwa da faifan da hotunan biyu a wayarsa. Tun ranar ciniki ya nemi a ba shi mako biyu na mayarwa, mai shagon kuma ya cika alkawari ya canza masa. Na ce ya zaɓo wanda lambarsa ta yi nisa da ta sauran. Ukun da suka tsallake suna cikin kwamfuta suna jira, na huɗun yana kan tebur gaban fanka, yau kwanansa biyu, yana zane na biyu, layukansa duk sifili.